Tsarin Gari a Ƙasar Gwandu: Daga Ganuwar 1806 Zuwa Fulotan Kalgo



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba yadda magabata suka tsara garin Gwandu, da abin da ya sauya bayan zuwan Turawa, sa'an nan mu auna abin da ke gudana yau a Kalgo. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, mutanen da sun auna garinsu da tafiyar ƙafa, suka kuma tsare shi da shari'a, kuma wannan ma'auni bai tsufa ba.

Masana tarihi sun ce Gwandu ta samo sunanta daga gandun Kanta, Sarkin Kabi. A cikin 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yi sansani a nan. Bayan yaƙin Alwasa abokan gaba suka biyo su har gida, alhali garin ba shi da ganuwa, aka kore su da ƙyar. Saboda haka a 1806 Muhammadu Bello ya fara gina ganuwar Gwandu. Tsaro ne dalilin ginin, amma ganuwa ta zo da wani amfani. Kowane kamu na ganuwa yana bukatar magina da masu gadi, don haka ba a shata gari fiye da ƙarfin mutanensa. Gidaje suka matso kusa da juna, masallaci da kasuwa da rijiya da gidan sarki suka kasance inda tsoho zai taka ya je ya dawo. Mutumin da zai halarci jam'i sau biyar a yini kuwa, ba ya gina gida inda kiran salla ba ya kaiwa.

Abu na biyu shi ne shari'a. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, wanda aka danƙa wa yammacin daula a 1812, ya wallafa littafin Ta'alimur Radi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba. A cikinsa akwai bayanin harimi, watau filin da ake bari kewaye da gari ko rijiya ko kogi domin amfanin kowa, da hurumin kiwo wanda ba a yarda wani ya killace shi ba. A zamanin Sarki Halilu, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara hukunce-hukuncen da alƙalai suka fi bukata wajen raba gardama. Tushen fiƙihun Malikiyya a wannan babi shi ne hana cuta: ba a cin hanya da gini, ba a sakar wa maƙwabci ruwan ƙazanta, ba a buɗe tagar da za ta leƙa cikin gidan wani, ba a kafa sana'ar da hayaƙinta ko warinta zai dami unguwa. Idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata zira'i bakwai. Shi ma Bello, a cikin Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da raba masu sana'a ga kowane gari, cikin wajiban shugaba.

Muna da shaidar baƙo a kan sakamakon wannan. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu. Ya tarar da gari cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, wani rafi ya raba shi biyu, gaɓarsa cike da itatuwa da lambuna, har ya yaba ayaba da albasar garin. Abin lura a nan shi ne, garin da ke cikin yaƙi da Kabawa, wanda fili ke da tsada a cikin ganuwarsa, bai yi gini a kan hanyar ruwa ba.

Turawan Ingila suka karɓi mulki a 1903, a 1906 kuma hedkwatar masarauta ta koma Birnin Kebbi. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta zo da wani tunani daban. An keɓe wa Turawa Bariki, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro, tsofaffin birane kuwa aka bar wa En'e. Dokar tsara gari ta 1946, da dokar ƙasa ta 1978 wadda ta danƙa filaye ga Gwamna, da dokar tsara birane ta 1992, duk sun ƙara ƙarfin takarda da safiyo a kan mai unguwa da alƙali. Bayan tafiyar Turawa manyan ma'aikata suka gaji Bariki, suka gaji ra'ayin cewa gidan girma shi ne mai faɗin fili, nesa da kasuwa, wanda sai da mota ake isa gare shi.

To, mu dawo Kalgo. Garin yana kudu da Birnin Kebbi, inda hanyar Jega da ta Bunza suka rabu. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, sai gonaki suka fara zama fulotai. Garin da ya miƙe bisa titi yana da illoli sanannu. Yaro zai tsallaka babbar hanya kafin ya kai makaranta, janyo famfo da lantarki zai yi tsada, magidanci zai ba mai babur kuɗin cefane, rashin tafiya da ƙafa kuma yana cikin abubuwan da ke jawo hawan jini da ciwon sukari. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a jihar nan, ta tuna mana cewa ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ba na kiran a sake gina ganuwa. Shawarata ga hukumomin tsara gari da ƙananan hukumomi guda huɗu ce. A shata iyakar da gini zai tsaya, a cike ciki kafin a fita waje. Kada a amince da awon fulotai sai an ware wurin makaranta da ɗakin shan magani da masallaci da 'yar kasuwa, inda yaro ɗan shekara bakwai zai iya zuwa da ƙafa. A rubuta fadamu da burtali da kududdufai a matsayin harimi, a hana sayar da su. A bar gefen hanya ga masu tafiya ƙasa, a dasa darbejiya, a kuma sa masu unguwa cikin aikin tsaronsa.

Ku ɗalibai, gobe ku ne za ku sa hannu a kan takardun filayen nan. Kafin ku sa, ku taka wurin da ƙafarku a tsakar rana cikin bazara, ku ga ko tsohuwa za ta iya zama a can.