Mahaɗar Kafanchan da Shekarun da Jirgi Ya Daina Zuwa

A shekarar 1927 ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratsa Inugu da Makurɗi, ya haɗu da wanda ya gangaro daga Kaduna, kuma inda Turawan mulkin mallaka suka zaɓa hanya ta rabu, reshe ɗaya ya hau tsaunukan Jos, shi ne ƙasar Fantswam da ake kira Kafanchan. Dalilin a fili yake: kuzar Jos tana neman gajeriyar hanya zuwa teku, kwal ɗin Inugu kuma yana neman hanyar arewa. Da aka kammala gadar Makurɗi a 1932, aka daina tsallakar da taragai a kan Binuwai cikin jirgin ruwa, zirga-zirga ta ƙaru, har a 1933 Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa zuwa sabon garin, domin mulki yakan bi inda jama'a da dukiya suka taru.

Garin da ya tashi a gefen dogo, reluwe ce ta raine shi. Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zo aiki da fatauci, suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Atyap, aka gina kwatas na ma'aikata da rumfar gyaran injuna. Uwar gida ta san lokacin ɗora tukunya da kukan jirgin safe, masu tallan dafaffen ƙwai da rake suna miƙa wa fasinja ta taga, manomin citta kuwa yana auna amfanin shekararsa da ranar da tarago zai tsaya. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a 1964 layin da ya taso daga Kuru, a kan reshen Jos, ya isa Maiduguri, kuma a shekarar nan fasinjojin jirgi a faɗin ƙasa sun haura miliyan 11. Duk mai zuwa Bauchi ko Borno daga kudu a jirgi, sai ya bi ta Kafanchan.

Daga nan ne al'amari ya juya. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata masu yawa zuwa gabas, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin Fatakwal ya lalata shi, kuɗin man fetur kuma da suka biyo baya aka zuba su a titunan mota, har tirela ta ƙwace kayan da tarago ke ɗauka. Kafin 1974 fasinjoji sun koma ƙasa da miliyan 5. An kira ƙwararru daga Indiya a 1979, an ba kamfanin Sin kwangila a 1995, kowane yunƙuri ya ɗan farfaɗo da layin sannan ya sake kwantawa. Ni a ganina babu wanda ya yanke wa tashar nan hukunci a rana ɗaya. Gyara ne aka yi ta ɗagawa, albashi da fansho suka yi ta makalewa, har ma'aikaci ya tsufa yana jiran jirgin da ba a aiko ba.

Akwai wata tasha a Yukren, sa'ar ta Kafanchan, wadda labarinta ke taimaka wa mai son fahimtar wannan. Ita ce Yaniv, da aka buɗe a 1925, kusa da inda daga baya aka gina garin Pripyat. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunyar nukiliya ta huɗu a Chernobyl ta fashe, washegari aka kwashe mutanen Pripyat kusan 49,000 cikin motocin safa, sannan aka killace kewayen kilomita 30. Injuna da taragai suna nan a Yaniv, tsatsa ta cinye su, bishiyoyi sun tsiro tsakanin ƙarafan dogo. Can an san rana da sa'a da musabbabi, duniya kuma ta rubuta su. A Kafanchan mutane ba su tashi ba, kasuwa tana ci, makarantu cike suke, amma wanda ya tsaya a farfajiyar tashar zai ga irin wannan tsatsa da irin wannan ciyawa, da taragai a jere awaki na fakewa a inuwarsu, kuma babu ranar da zai nuna ya ce a nan aka rufe. Wannan ne ya fi ci mini rai.

A Yulin 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai faɗin da ya fi na tsohon dogo, ya tsaya a Rigasa, bai leƙa Kafanchan ba. A Maris 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda hanyarsa ta Kafanchan ce, kuma a 2024 jirgi ya soma aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Mai zuwa Zonkwa ko Kafanchan daga Kaduna kuwa, har yanzu ta Sabon Tasha yake bi, ya shiga mota, ya kama hanyar Kachia.