Mas'alar Jahannama a Aƙidar Kirista: Tsakanin Nassin Littafi Mai Tsarki da Tawilin Malamai

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da Littafi Mai Tsarki ya zo da shi game da makomar masu saɓo, ta kuma duba yadda malamai uku na arewacin Afirka suka fassara shi a ƙarnonin farko na Ikkilisiya. Abin da ta tsayu a kansa shi ne, nassi ya tabbatar da hisabi da uƙuba tabbatarwar da babu shakka a cikinta, amma bai fayyace kaifiyyar azabar da kalma guda ba, kuma galibin siffofin wuta da suka zauna a zukatan jama'a daga littattafan baya suka fito.

Abin da nassi ya zo da shi

Duk wanda ya buɗe Tsohon Alkawari yana neman gidan azaba irin wanda masu wa'azi suke siffantawa, da ƙyar zai same shi, domin abin da ya yawaita a cikinsa, fiye da sau 60, shi ne Sheol, wato mazaunin matattu mai duhu da shiru, inda salihi da fajiri suke gangarawa baki ɗaya. Hasali ma Yakubu da kansa, sa'ad da aka kawo masa rigar Yusufu jiƙe da jini, can ya ce zai bi ɗansa yana makoki (Farawa 37:35). Sai a Daniyel 12:2 ne aka yi maganar tashin ƙiyama a sarari, inda aka raba mutane gida biyu, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya da ƙasƙanci marar iyaka. Ayar ƙarshe ta Ishaya kuwa, wadda ta ambaci tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba ta kasuwa, idan aka lura da siyaƙinta za a ga gawawwakin 'yan tawaye take siffantawa, ba rayayyun da ake gana wa azaba ba.

A kudu da Urushalima akwai wani kwari da ake kira Kwarin Hinnom, wanda har yau matafiyi zai iya saukowa cikinsa da ƙafarsa. A nan ne sarakunan Yahuza biyu, Ahaz da Manassa, suka ƙona 'ya'yansu hadaya (2 Tarihi 28:3, 33:6), har Sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don kada a sake (2 Sarakuna 23:10), Annabi Irmiya kuma ya yi gargaɗi cewa za a binne gawawwaki a cikinsa har wuri ya ƙare. Sunan wannan kwari ne ya zama alamar uƙubar lahira a bakin Yahudawa, da shi kuma Sabon Alkawari ya ambaci Jahannama sau 12, sha ɗaya daga cikinsu a bakin Yesu, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Amma labarin da ya yaɗu a kan mumbari, wai kwarin juji ne da wuta take ci dare da rana a zamanin Yesu, ba shi da isnadi mai ƙarfi, domin ba a san wanda ya faɗe shi ba kafin wani malamin Yahudawa, Dawuda Kimhi, wajen shekarar 1200.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne irin laifin da Yesu ya rataya wa wutar. A Luka 16 wani attajiri yana sanye da tufafin alfarma yana shagali kullum, ga wani matalauci mai suna Li'azaru yashe a ƙofar gidansa, jikinsa duk gyambo, karnuka suna lasa, yana marmarin ɓarɓashin da yake faɗowa daga teburi. Ba a ce attajirin ya yi kisa ko ya bauta wa gunki ba, iyakacin abin da aka nuna shi ne ya rayu kusa da wahalar ɗan'uwansa bai kula ba, sai ga shi cikin harshen wuta yana roƙon ɗigon ruwa. A Matiyu 25 ma, inda aka ware tumaki da awaki, tuhumar ita ce mayunwacin da ba a ciyar ba, da baƙon da ba a saukar ba, da majinyaci da ɗan kurkuku da ba a ziyarta ba. Wannan lamari yana da nauyi a zuciyata ƙwarai, domin mafi tsananin gargaɗin ya fuskanci masu wadata da masu tinƙaho da addini ne, ba baren da yake nesa ba.

Sa'an nan kuma siffofin ba iri ɗaya ba ne: wani wuri wuta ce, wani wuri matsanancin duhu ne da cizon haƙora, a Matiyu 10:28 hallakar rai da jiki ce, Manzo Bulus kuwa bai taɓa ambaton Jahannama da sunanta ba a wasiƙunsa, sai dai mutuwa da hallaka da nisanta daga fuskar Ubangiji, littafin Wahayi kuma ya zo da tafkin wuta ya kira shi mutuwa ta biyu, ya kuma yi maganar hayaƙin azaba mai tashi har abada. Daga wannan bambanci ne saɓanin malamai ya tsiro.

Tawilin malamai uku

Orijin na Iskandariya, wanda aka haifa wajen 185, ya tafi a kan cewa wutar mai tsarkakewa ce, kowane mai zunubi shi yake hura tasa daga ayyukansa, kuma tun da Bulus ya ce ƙarshen al'amari shi ne Allah ya zama kome cikin kowa (1 Korintiyawa 15:28), to, rahama za ta mayar da dukkan halitta ga Mahaliccinta. An la'anci wannan ra'ayi a Ƙustantiniya a 543 da umarnin Sarki Yustiniyan, ko da yake Giregori na Nisa, wanda ya yi magana makamanciyar tasa, bai rasa darajarsa ta waliyyi ba. Arnobiyus na Sikka, garin da ake kira Kef a Tunisiya ta yau, ya rubuta a farkon ƙarni na 4 cewa ruhi ba madawwami ba ne bisa ɗabi'arsa, saboda haka wanda bai sami rai daga Allah ba, azaba za ta ci shi har ya ƙare ƙurmus.

Amma wanda maganarsa ta rinjayi Ikkilisiyar Yamma shi ne Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu a 430. A kashi na 21 na littafinsa Birnin Allah ya kafa hujja da Matiyu 25:46, cewa tun da sifa ɗaya aka yi wa sakamakon salihai da uƙubar mugaye a cikin aya guda, ba ya halatta a ce ɗaya tana dawwama ɗaya tana yankewa; da aka ce masa jiki ba zai jure wuta har abada ba, sai ya yi ƙiyasi da duwatsun Sisili masu aman wuta, waɗanda suka daɗe suna ci ba su cinye ba. Shi da kansa ya shaida cewa Kiristoci masu yawan gaske a zamaninsa ba su yarda da azaba marar ƙarshe ba, abin da yake nuna ijma'in da ake da'awa bai ƙullu ba tukuna a lokacin. A ganina hujjarsa ta farko ita ce mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa a wannan babi, ta biyun kuwa mai rauni ce. Duk da haka ta farkon ma ba ta shafe ayoyin hallaka da mutuwa ba, waɗanda zahirinsu yake tare da Arnobiyus.

Tafarkin Agustin ne jumhur suka bi: Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta tabbatar da azaba madawwamiya, Katakizim na Katolika na 1992 ma haka, sai dai ya ce babbar uƙubar ita ce rabuwa da Allah har abada. Amma mas'alar ba ta kwanta ba, domin 'yan Adventis suna kan ra'ayin ƙarewa irin na Arnobiyus, kuma a 1988 John Stott, ɗaya daga manyan malaman bishara na Ingila, ya bayyana karkatarsa zuwa gare shi cikin taka tsantsan.

Abin da aka ƙara daga baya

Dalla-dallar azabobi kuwa, inda kowane laifi yake da nasa horo, ba daga littattafan da Ikkilisiya ta karɓa suka zo ba. Tushensu mafi daɗewa a wurin Kirista shi ne wani littafi na ƙarni na 2 da aka jingina wa Bitrus, wanda cikakken matininsa ya tsira cikin harshen Gi'iz na Habasha, aka kuma tono wani yankinsa na Girkanci a Akhmim ta Masar. A cikinsa ne ake rataye masu saɓon Allah ta harshensu, ake tsayar da masu cin riba cikin ruɓaɓɓen jini har gwiwa. An karanta shi a waɗansu majami'u na wani lokaci, daga bisani aka bar shi a waje. Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, ya ɗora a kan irin wannan gado ya tsara wuta hawa tara, masu zane kuma suka cika bangon majami'u da ita, har jama'a suka kasa bambance abin da yake nassi da abin da yake ƙirƙirar mawaƙi.

Don haka nake roƙon masu koyarwa a makarantun tauhidi da masu hawa mumbari, idan suka zo wannan babi, su sanar da almajiransu inda aya ta tsaya da inda tawili ya fara, su ambaci saɓanin da yake akwai da sunayen masu shi, kada kuma su tsallake Li'azaru da ke kwance a bakin ƙofa.