KAFIN A RABA GADO, A TUNA DA ADAKAR KAKA

Jama'a, duk lokacin da aka yi rasuwar babban gida, lissafin da ake yi ba ya wuce na fili, gida, shago da kuɗin banki. Adakar nan da ke ƙarƙashin gado, mai cike da tsofaffin takardu, babu mai kallonta. Ƙarshenta ko gara ta cinye, ko damina ta jiƙa, tasoshin tagulla kuwa a auna wa 'yan gwangwan a kan kilo. Alhali sau da yawa tarihin gidan gaba ɗaya yana cikin adakar ne.

Bari mu ɗauki misalin mutum biyu.

Na farko Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa a Kano, wanda ya rasu a 1962. Ya bar rubuce-rubuce sama da 3,000, akasari da Larabci, wasu da ajami. Akwai fiƙihu, akwai waƙoƙi, akwai wasiƙu da ilimin magani. Yau suna ina? Suna Jami'ar Northwestern da ke Amurka, an jera su, an yi musu lamba. Abin da ya ba su daraja a wurin masu bincike shi ne sun zauna a haɗe, ba a yayyaga su an rarraba ba. Wanda ya duba su zai gane abin da malamin Kano na wancan zamani yake karantawa, da waɗanda yake hulɗa da su. Sai dai kuma ɗan Kano da ke son ya taɓa su da hannunsa, sai ya nemi biza. Abin farin ciki ne da suka tsira, abin takaici ne da ba a gida suka tsira ba.

Ta biyu ba ta bar ko takarda guda ba. Baba ce, mutuniyar Karo. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta riƙa zama da ita tana rubuta abin da take faɗa. Tsohuwar ta ba da labarin asalin danginsu, da harin masu kama bayi, da zuwan Turawa, da auren da ta yi, da yadda mata ke ƙulla ƙawance. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da shi ke nan, an binne ta da labarinta. Har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa suna komawa gare shi.

To, yanzu ka tambayi kanka. Tsofaffi nawa ne irin Baba suka rasu a gidanku ba wanda ya zauna ya saurare su? Ka san sunan kakan kakanka? Ka san garin da ya baro, da abin da ya taso shi, fatauci ne, yunwa ce ko neman karatu?

Akwai wani abu da mutane ba su lura da shi ba game da littattafan hannu na kakanninmu. Ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka, kuma galibi babu lambar shafi. Kalmar da aka rubuta a ƙasan warƙa ita ke nuna wadda za ta biyo baya. Don haka idan magada suka ce a raba, kowa ya ɗebi rabonsa don tabarruki, littafin ya mutu ke nan, ko da babu warƙar da ta ɓace.

Ga kuma ruwa. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan fashewar dam ɗin Alau, ta nuna mana yadda dare ɗaya ke shafe abin da gida ya tara shekaru.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Wayar da ke hannunka ta isa. Ka je wurin kaka ko gwaggo, ka naɗi muryarta, ka bar ta ta yi ta zuba ba katsewa. Tsofaffin hotuna a rubuta sunan kowa a baya tun masu gane fuskokin suna raye. Takardu a ɗauki hotonsu shafi bayan shafi yadda aka same su, a tura wa 'yan'uwa da dama. A ɗaga adaka daga ƙasa, a raba ta da danshi. Takobi, alkyabba, zanen saƙi, a rubuta na wane ne, a ina ya samo. Idan magada duka sun amince, a mayar da littattafai waƙafi na gida a hannun mutum ɗaya amintacce. In sun fi ƙarfinku, ga Arewa House a Kaduna, tun 1970 ake adana irin waɗannan kaya a can.

Ku yi wannan magana tun dattawa suna da rai. Ranar rabon gado kowa hankalinsa na kan fili.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Wane tsohon kaya ne ya rage a gidanku, kuma a hannun wa yake?