Daga bayan raƙumi zuwa butar shayi: tarihin sukari da ciwon suga a Njamena

A shekarar 1900, lokacin da Faransawa suka kafa Fort-Lamy bayan yaƙin Kusuri, wanda ya ci Rabe da kwamanda Lamy a rana guda, sukari ba cimar talaka ba ne a bakin kogin Shari. Sai ya keto hamada a bayan raƙumi tare da ganyen shayi, daga Bangazi ta Kufra zuwa Abeshe, kuma 'yan ɗariƙar Sanusiyya na cikin waɗanda suka yaɗa shan shayin a wannan yanki. Abin da ya yi tafiyar watanni ba a yi masa ɗiban karan mahaukaciya. A dunƙule yake zuwa, dogo mai tsini, naɗe cikin takarda. Mai gida ya kulle shi a akwati, sai babban baƙo ya sauka ko suna ya kama a fito da shi, a ƙwanƙwasa da 'yar guduma, a ɓantari kaɗan, a mayar da saura. Hausawa maniyyata da suka yada zango a garin kan hanyarsu ta Makka, wasu har suka zauna suka hayayyafa, gero da dawa ne abincinsu na kullum, da miyar kuɓewa da kifin kogi, ga kuma tafiyar ƙasa.

Wannan tarihin ya dace mai ciwon suga ya riƙe, domin idan likita ya ce zaƙi sai jefi-jefi, da yawa kan ɗauka wata sabuwar doka ce ta Turawa, alhali haka kakanni suka rayu. Sauyin bai daɗe ba. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnati ta kama noman rake a Banda kusa da Sarh ƙarƙashin kamfanin SONASUT, wanda aka sayar a 2000 ya koma CST, ga kuma na waje da ke shigowa ta gadar Kusuri. Garin Fort-Lamy, da aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, ya cika ya batse, burodi ya kama karin kumallo, shinkafa ta kutsa cikin tukunya, lemon kwalba ya zama tukuicin baƙo. Da kuɗin man Doba suka fara shigowa daga 2003, babura suka yawaita, har wanda zai je kasuwar gero daga bayan layi ya daina takawa. Shayin nan kuwa, ja ko kore, da ake dafawa a kan gawayi har ya yi kauri, ya tashi daga na baƙo ya zama na safe da na hantsi da na la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, in so samu ne kashi 5, wato kimanin ƙaramin cokali shida. Mai zaman majalisar shayi kafin azahar ya wuce nan.

Wani zai ce ai ba sukari kaɗai ke kawo cutar ba, kuma tuwo ma yana ɗaga sugan jini. Gaskiya ne. Akwai gado, akwai ƙiba da shekaru da zaman wuri guda, kuma malmalar tuwo biyu ba ta fi burodi sauƙi da wani abin kirki ba. Sai dai tuwon da aka ci jiya ba shi ne na yau ba: an surfe hatsin tas an zubar da dusa, inji ya niƙe shi liƙis, sannan mai ci ya koma ofis ko rumfa ya zauna, ba gona ba. Don haka komawa ga gero kawai bai wadatar ba, sai an rage loma, an yawaita miyar ganye da wake da kifi, an kuma motsa jiki. Wanda aka ɗora a kan magani kuwa, gyaran abinci ba ya ɗauke masa shansa, balle jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan waraka.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga mai jin wuyar rage zaƙi ita ce ta kunya. A Njamena mayar da kofin shayi kamar mayar da hannun gaisuwa ne, kuma ba wanda ke son ya zama saniyar ware ranar Sallah ko wajen ɗaurin aure. To amma ba a ce mai ciwon ya yi bankwana da zaƙi har abada ba. Dabinon Faya ɗaya ko biyu, ko ɗan fanke ranar biki bayan an ci abinci, abu ne da likitoci kan lamunta ga wanda sugansa ke kan hanya kuma yake aunawa; batun azumi kuma ya fara tuntuɓar likitansa. Nauyin ya fi rataya a kan mai masauki. Mai dafa shayi, ka tsiyaya wa baƙonka kofi kafin ka zuba sukari, ka ajiye masa ruwa ko zoɓo marar zaƙi, kuma in ya ce ya ƙoshi, kada ka haɗa shi da Allah sai ya ƙara.