Tarihin Tukunyarmu: Tuwo, Ganye da Abin Korawa a Ƙasar Junju



A biranen Turai da Amurka yanzu ana yayin rage cin nama. Mutum ya koma ga hatsi, wake da ganye, har ya riƙa zaɓen abin shan da ya dace da kowane abinci, wasunsu ma da giyar da ƙananan masana'antu ke dafawa. Su a wurinsu sabon abu ne. Mu kuwa in muka waiwaya, haka tukunyar kakanninmu take tun fil azal, sai dai ba su raɗa mata suna ba.

Gero ɗan gida ne. Masu binciken tarihi sun gano cewa a nan yankin Sahel aka fara nomansa, sama da shekara 4,000 da suka wuce. Wake ma na Afirka ne, haka dawa. A 1352, da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Walata, da dakakken gero haɗe da nono da 'yar zuma aka yi masa marhabin, har ya raina liyafar. Duk wanda ya san hura ya gane abin da aka ba shi. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono kuwa baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekarar 1500. Ke nan akwai lokacin da ake miya a ƙasar nan babu jan barkono, sai citta, kimba da masoro.

To me ke ba miyar daɗi in babu nama? Abu biyu: daddawa da gishiri. Daddawa daga kalwar ɗorawa take, a dafa, a surfe, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, ga ƙamshi ga gina jiki. Gishiri kuma a ƙofarmu yake, a Dallol Fogha. Mata su kankare ƙasar, su tace da ruwa, su dafa har ya daskare. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa Fogha a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Say, ya tarar ana wannan sana'a. Sauran kuma daji da bayan gida ne ke bayarwa: kuka, lalo, yakuwa, rama, tafasa, kuɓewa, zogale, ga muruci daga giginyar Dallol Mauri.

Nama fa? Ba ƙinsa suka yi ba, dabba ce ta fi ƙarfin yankan kullum. Saniya banki ce, akuya asusun mace ce. Sai ranar suna, ranar biki, babbar salla, ko an yi babban baƙo a kama zakara. Mahauci na yanka ranar kasuwa, maigida ya sayo ɗan kashi a jefa a miya. Nono da man shanu su ne abin dabba da ake ci yau da gobe, ta hanyar musaya da Fulani: a ba da gero, a karɓi nono. Shi ya sa annobar shanun da ta ratsa Sahel wajejen 1891 ta taɓa har wanda bai da ko ɗan maraƙi. A shekarun yunwa kuma, 1931, 1973 zuwa 1974 da 1984, sanin ganye ne ya tsirar da gidaje da yawa. Tsohuwar da ta san yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, ita ta raya jikokinta.

Sai batun abin sha, kuma tarihi ba a yi masa kwaskwarima. Kafin Musulunci ya game ko'ina, Arna na ƙasar Arewa da Maguzawan Kano da Katsina suna dafa giyar dawa. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Aikin mata ne, ana shan ta wajen gayya, biki da tsafi. Addini ya haramta ta, kuma bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ta yi ta ja da baya har ta koma gefe. A arewacin Benin dai har gobe ana dafa irinta, cukutu. Amma dabarar tsiro ba ta ɓace ba: ita ce wasu mata ke sa wa kunun zaƙi ya yi zaƙi ba tare da sukari ba.

Haɗa abinci da abin korawa kuwa, babu wanda zai koya mana. Koko da ƙosai da safe. Hura da nono in rana ta take a gona. Kunun tsamiya a buɗa baki. Zoɓo a taron biki. Kowanne da lokacinsa, kowanne da abokin tafiyarsa.

Abin dubawa a nan shi ne, yau yaro na jin kunyar ya ce tuwo da miyar kuka ya ci, ɗan dunƙulen magi ya kori daddawa, lemun kwalba ya kori kunu, ana sare ɗorawa ba a dasa wata. Ga hawan jini da ciwon suga suna shigowa garuruwanmu. Amma kar mu yi wa jiya ado fiye da kima: tuwo da ganye kaɗai ba sa isar yaro ƙarami da mai ciki. Suna buƙatar ƙwai, nono, kifi, wake da ɗan nama, in ba haka ba tamowa ce. Tsohon camfin hana yaro ƙwai wai zai yi sata, wannan a bar shi a baya.

Jama'a, wanda ke da tsohuwa a gida ya zauna ya tambaye ta sunayen ganyen da ta sani da yadda ake sarrafa su, tun tana raye. Wanda ke da gona ya bar ɗorawa da kuka su tsaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana lafiya.