Ƙa'idar awa 21 da ɗalibi mai jinya a Birtaniya

A 1954 wata malamar coci a Ingila, Mary Webster, ta ajiye aikinta ta koma gida jinyar iyayenta da tsufa ya kama. Nan ta ɗanɗana abin da mata irinta ke sha: ba albashi, ba hutu, ba mai tambayar yadda aka kwana. A 1963 ta fara rubuta wa jaridu kukanta, a 1965 ta kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Carers UK.

Gwamnati ta motsa a 1976 da alawus na masu jinya, amma ta ware matan aure, wai jinya dama aikinsu ne. Sai da wata matar aure, Jackie Drake, ta yi nasara a Kotun Turai a 1986 aka sa su ciki.

Ɗalibai aka bari a waje. Doka ta ce mai neman alawus sai yana jinya awa 35 a mako, kuma wanda karatunsa ya kai awa 21 a mako ba shi da rabo. A ɗauki yarinyar da ke tashi da asuba ta yi wa mahaifiyarta wanka, ta jera mata magungunan yini, ta ɗora ta kan keken guragu, sannan ta ruga ta tari motar zuwa lacca. Ranar da ta yi rajistar digiri kuɗin zai tsaya, alhali jinyar ko minti ɗaya ba ta ragu ba. Wanda ya tsara wannan ƙa'ida, da alama bai taɓa kwana da majinyaci ba.

Jami'o'in ma sun daɗe ba su san da irin waɗannan ɗalibai a azuzuwansu ba, duk da cewa a Jami'ar Loughborough Saul Becker da Jo Aldridge suka fara binciken yara masu jinya tun farkon shekarun 1990. A 2013 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUS, ta fitar da rahoto a kan ɗalibai masu jinya. Sai ga masu shiga jami'a a 2023 ne UCAS, hukumar da ake neman gurbi ta hannunta, ta sa tambaya a fom: kana jinyar wani? Yanzu jami'o'i da dama kan ba da ɗan tallafin kuɗi, da ƙarin wa'adin miƙa aiki, da jami'i guda da ɗalibi zai tunkara in an kwantar da majinyacinsa a asibiti ana gobe jarrabawa.

Sikotlan ta fara sabon alawus nata a ƙarshen 2023, wanda ɗaliban jami'a ke iya karɓa. A Ingila ƙa'idar awa 21 tana nan daram.