Yadda ƙungiyoyinmu na gida ke neman kuɗin yaƙi da yunwa da tamowa

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna waje suna yawan tambayarmu ina ƙaramar ƙungiyar ƙauye take samun kuɗin cika rumbun tsimi ko na kunun yara. Tambayar ta ƙara nauyi tun bayan 29 ga Yuli 2023, lokacin da Faransa ta dakatar da tallafin raya ƙasa ga Nijar, sannan a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Ga abin da muka tattaro.

Kuɗin cikin gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma shi ke fara neman abin toshewa. Hanyoyin da aka gwada a ƙasarmu su ne:

Asusu. Tsarin Mata Masu Dubara ya faro ne a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Mata suna zubi kowane sati, suna ranta wa juna, kuma galibi akwai ƙaramin asusu daban na taimakon wadda ta shiga matsala. Yau ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi.

Bankin cimaka. A sayi hatsi da kaka yana araha, a sayar wa mutanen gari da sauƙi lokacin da rumbuna suka ƙare, kafin sabon gero ya nuna. Abin da ke kashe shi shi ne bashin da ba a biya ba.

Jinginar amfanin gona, wato warantaji. Manoma su ajiye gero ko wake a magaza mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusun bada rance. Su karɓi bashi su yi sana'ar rani, su biya, su sayar da kayansu bayan farashi ya tashi.

Sai gonar ƙungiya, da habbanaye na ba da aron akuya, da zakkar hatsi, wadda take kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi. Ita zakka tana da masu haƙƙinta, don haka a tuntuɓi malamai kafin a tsara rabonta.

Kuɗin ƴan uwa na waje

Ɗan garin da ke Kano, Lome, Abijan ko Libiya ba rowa ke hana shi aikowa ba, tsoron kada a ci kuɗin ne. Ƙungiyar da ke son gudummawarsa ta faɗi abu guda da za ta yi, misali buhu 20 na gero don bankin cimaka, ta faɗi farashi, ta sa mutum biyu ko uku su riƙe kuɗin. Bayan an saya, a aika hoton rasit da na buhunan ta WhatsApp. Wanda ya ga inda jikarsa ta shiga, baɗi ba sai an roƙe shi ba.

Kuɗin manyan abokan hulɗa

Hukumomi irin su PAM, UNICEF da FAO suna aiki da ƙungiyoyin cikin gida, amma da sharuɗɗa. Kusan kullum ana neman takardar amincewar hukuma, dokokin ƙungiya a rubuce, asusun banki da sunan ƙungiya ba na shugabanta ba, da rahoton aikin bara da na kuɗi.

Takardar neman tallafi kuwa tana amsa tambayoyi biyar: mece ce matsalar, mutum nawa ta shafa, me za a yi, nawa zai ci, kuma ta yaya za a gane an yi nasara. A nan ne ƙungiyoyinmu da yawa ke faɗuwa, domin suna rubuta "muna fama da yunwa" ba tare da adadi ba. Alhali shaidar tana kusa. Zaren awon damtsen yara masu wata 6 zuwa 59 yana nuna ja in bai kai milimita 115 ba, alamar tamowa mai tsanani ke nan, a kai yaro likita maza. Ƙungiyar da ke rubuta yara nawa aka auna, nawa aka tura likita, nawa suka warke, ta riga ta rubuta rabin takardarta.

Ina ake koyo?

A fara da magajin gari, a duba ko aikin ya shiga tsarin raya kwamin. Ma'aikatan gona da na lafiya suna taimakawa da alƙaluma. Manyan ƙungiyoyi kamar FUMA Gaskiya ta manoman Maraɗi da AREN ta makiyaya sun daɗe a wannan fage, ƙanana na iya jingina da su. In ƙungiyoyi uku ko huɗu suka haɗa takarda ɗaya, an fi sauraronsu.

Gargaɗi

Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna don ya samo muku tallafi, ku yi hattara da shi. Kuma kada ƙungiya ta dogara da hannu ɗaya. Shawararmu ga kowane kwamiti ita ce ya sayi littafi, ya rubuta duk dalar da ta shigo da wadda ta fita, ya karanta shi gaban mambobi kowane wata.